Littafin Aikin Land Cruiser 80

9 ga Janairu

Motar Land Cruiser ce ƙirar 80, ta shekarar 1994, mai injin gas (dizal) 1HZ: silinda shida a jere, lita 4.2, babu turbo. Giyar hannu ce mai biyar, kuma tayoyin baya kaɗai ke jan ta a kan kwalta. Sai an murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, an ja ƙaramar sandar giya, kafin huɗun su ɗauka. Agogon tafiya na nuna kilomita 340,000 da 'yan kai, kuma babu wata takarda da ta zo da ita mai nuna abin da aka taɓa canzawa. Don haka duk abin da ban gani da idona ba, na ɗauka ba a yi shi ba.

Yau ban kwance komai ba. Wanke ƙarƙashinta na yi, na kwanta da tocila ina rubuta abin da na tarar. Shasi lafiya, tsatsar sama-sama ce kawai. Bayan tayoyin gaba duka biyu sun yi dumu-dumu da baƙin maiƙo. Sifirin na baya ya zauna, motar ta ɗan karkata hagu. Robobin da ke riƙe hannayen aksul duk sun tsattsage.

Abin da ya kawo ni shi ne in ɗaga ta, in sa manyan tayoyi da winci, wato na'urar da ke jan mota da igiya in ta maƙale. Amma waɗannan za su jira. Birki, sitiyari, aksul da abin da ke sanyaya injin su ne farko, domin duk ƙarin da zan yi daga baya a kansu nauyinsa zai sauka.

16 ga Janairu

Juyen mai gaba ɗaya: baƙin mai, na giyabos, na akwatin raba ƙarfi, da na aksul biyu. Injin nan yana shan sama da lita 9, a tanadi babban mazubi. A giyabos da aksul kullum ina fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, saboda idan ka tsiyaye sannan na saman ya ƙi kwancewa, ka ajiye mota ke nan babu mai a cikinta.

Na baya ya fito baƙi amma mai ne sak. Na gaba kuwa da ƙyar ya zubo, kauri gare shi, launinsa toka-toka. Giris ne ya cakuɗu da man giya. A wannan aksul giris yana zaune ne a gwiwoyi biyu na gefe, inda tayoyin gaba ke juyawa hagu da dama, man giya a tukunyar tsakiya, sil guda ne a kowane ɓangare ke raba su. Tunda sun haɗu, sil ɗin ya gama aiki. Wannan ya fassara maiƙon da na gani a bayan tayoyi. Na zuba sabon man giya, nau'in GL-5, na wucin gadi, zan sake zubar da shi bayan na gama da gwiwoyin.

23 ga Janairu

Bel ɗin taimin. A 1HZ na waɗannan shekarun ana canza shi duk kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke injin na tafiya fistin da bawul za su yi karo. Aikin ba wuya: murfin gaba ya fita, a daidaita alamomin da ke kan fulin sama da na ƙasa, a saki abin da ke ɗaure bel ɗin, a sa sabo. Na canza har da maɗaurin, na juya injin da hannu zagaye biyu, alamomi suka dawo daidai kafin na yarda na tayar.

Tunda ina wurin na wanke lagireto, na sa sabon tamostat da sabbin tiyo na sama da na ƙasa. Wanda ya riƙe motar kafin ni ruwa zalla yake zubawa, launin abin da ya fito ya nuna.

6 ga Fabrairu

Gwiwar dama. Wannan shi ne aikin da kowane mai Land Cruiser mai aksul ɗin gaba sandararre zai yi wata rana, kuma ba fasaha yake ci ba kamar tsumma. Duk yawan tsumman da ka tara, ƙara.

Taya ta fita, na kwance maƙoshin birki na rataye shi da waya don kada nauyinsa ya ja tiyo. Murfin makullin taya ya biyo baya, da zoben da ke riƙe bakin sandar. Wurin da mutane suka fi ɓata lokaci shi ne 'yan wasoshin nan masu siffar mazurari da ke maƙale a kan kusoshin makullin. Ba a ɓamɓarar su da sukudireba, kuma ba a dukan gefen ƙarfen. A dawo da notin daidai bakin kusa, a ɗora sandar tagulla a kai, a buga da guduma, wasan zai yi tsalle ya fito da kansa. Bayan su akwai manyan notuna biyu masu milimita 54. Na tarar da gefensu duk sara, alamar kurfi da guduma aka yi ta amfani da su. Soket ɗin 54 ba shi da wani amfani a motar sai wannan wurin, amma ba tare da shi ba babu yadda za a ɗaure boris da awo.

Da cibiyar taya da faifan birki suka fito, sai sandar da boris ke hawa, sannan Birfield. Shi ne haɗin da ke barin taya ta juya hagu da dama alhali tana karɓar ƙarfi: ƙoƙo ne na ƙarfe, da keji, da ƙwallaye shida. Yana da gefe biyu a shafe, sai an juya su sun kalli sama da ƙasa kafin ya zaro. Abin da ya biyo shi ba giris ba ne kuma, ruwa-ruwa ne mai wari.

Na wanke komai tas, na duba. Hanyoyin ƙwallayen sun yi sheƙi amma babu rami, kejin bai tsage ba. Ban yi mamaki ba, domin a mota irin wannan Birfield ba ya aiki sai an kulle gaba. Masu irin wadda huɗun ke ja kodayaushe su ne nasu ke saurin cinyewa ya fara ƙas-ƙas a kwana. Boris biyu da gwiwar ke juyawa a kansu, na sama da na ƙasa, su ne suka mutu. Kowanne ya yi wa mazauninsa layi-layi, wurin da 'yan sandunan suka yi ta bugu a waje ɗaya, tunda wannan boris ba zagayawa yake yi ba, 'yar karkata ce kawai yake yi iya rayuwarsa. Shi ne abin da nake ji a sitiyari kamar yana tsayawa a tsakiya.

Sil na ciki ya bushe ya yi tauri, kuma ya ci wa sandar aksul ɗan siririn layi a inda yake gogawa. Farce yana jin sa amma ba ya maƙalewa. Na bar sandar, zan dai zaunar da sabon sil ɗin yadda leɓensa ba zai faɗa cikin tsohon layin ba.

13 ga Fabrairu

Haɗawa, sannan na maimaita komai a hagu. Tukunyar aksul ta fi kusa da dama, don haka sandar hagu doguwa ce, shigar da ita sai da haƙuri, ana tallafe ta kada nauyinta ya yage sabon sil tun bai fara aiki ba.

Giris iri biyu ne kuma ba a musanya su. Mai moli, baƙin nan, shi ke shiga Birfield da cikin gwiwa, wajen kashi uku cikin huɗu na ramin. Boris na taya nasa daban ne, na boris zalla. Na san akwai masu zuba iri ɗaya ko'ina su ce ba su ga komai ba. Ni dai ban ga dalilin gwadawa ba, gwangwani biyu ne kawai.

Ɗaurin gwiwa da sikelin rataye ake auna shi, a maƙala a hannun sitiyari a ja, kafin a sa robar da ke share ƙwallon daga baya. Littafin gyara ya ba da tsakanin kilo 2.5 da 4.5, ana kuma daidaitawa da siraran faranti da ke ƙarƙashin murfin sama. Da sababbin boris da tsofaffin farantan duka ɓangarorin suka faɗa cikin awon, ban ƙara ko rage ba. Notuna huɗu na ƙasa, masu riƙe hannun sitiyari, 96 Nm (awon ƙarfin ɗauri ke nan). Waɗannan huɗun su ne abin da na fi tsoro a duk motar, domin in suka saki suka karye, sitiyari ya rabu da taya ke nan. Na ɗiga musu fenti don in riƙa ganin ko sun motsa.

Boris na taya: a ɗaure zuwa 59 Nm, a juya cibiyar sosai su zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan, sai wasan kulle, sai noti na biyu. Na zubar da man wucin gadin nan, wanda shi ma ya fito da sauran dauɗa, na zuba sabo.

27 ga Fabrairu

Birki. Sababbin takalma gaba da baya, ruwan birki gaba ɗaya sabo. Ruwan birki yana tsotsar danshi daga iska, da shekaru sai ya riƙa tafasa da wuri, a doguwar gangara feda ta nutse. Tiyoyin roba na bar su tukuna, saboda zan sa masu tsawo idan na ɗaga motar.

12 ga Maris

Kafin in taɓa sifirin na auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi na rubuta. Daga tsakiyar taya ake aunawa, ba daga ƙasa ba, don kada iskar taya ta shiga lissafin.

Milimita 50 na zaɓa. Na daɗe ina kai-kawo tsakanin wannan da 100, abin da ya raba gardamar shi ne jerin abubuwan da dogon ɗagawa ke jawowa: farfela, sandar da ke kai ƙarfi zuwa aksul, ta fara rawa saboda kusurwarta ta canza, aksul ya zame gefe, sai an sauya sandunan da ke riƙe shi, ga motar ta ƙara saurin karkata a gefen tudu. Kuma duk wannan ba ya ƙara wa tukunyar aksul ko milimita ɗaya daga ƙasa. Sifirin bodi da shasi yake ɗagawa. Abin da ya fi kusa da ƙasa, wanda dutse ke fara samu, yana nan inda yake sai an canza taya. Amfanin ɗagawa shi ne ya buɗe wa babbar taya wuri, ya ɗauke ciki da bamba daga ƙasa, ya kuma ɗauki nauyi. Hamsin ya isa wannan.

Sifirin kuwa da nauyin da zai ɗauka ake zaɓensa, ba da tsayi kaɗai ba. Na gaba na ɗauki mai ƙarfin da zai riƙe bambar ƙarfe da winci, duk da ba su hau ba tukuna, don haka motar za ta ɗaga hanci na ɗan lokaci. Na baya matsakaici na sa. Mai tauri sosai an yi shi ne don motar da kullum take cike da kaya. A sa shi a motar da rabin tafiyarta babu kaya, sai ta yi ta tsalle, tayar baya ta kasa bin ƙasa, alhali bin ƙasar shi ne ainihin abin da ake nema a jeji.

Aikin kansa: shasi a kan matsayai masu ƙarfi, jak a ƙarƙashin aksul, a kwance shokozoba da sandar hana karkata, a sauke aksul a hankali ana kallon tiyon birki, sifirin ya fito da hannu. Ba na shiga ƙarƙashin motar da ta haura tan biyu jak kaɗai na riƙe da ita. Sababbin shokozoba masu tsawon da ya dace, sababbin tiyoyin birki masu tsawo. Duk kusar da ta ratsa roba ban ɗaure ta ƙarshe ba sai da motar ta sauka a kan tayoyinta. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi nisa ba.

19 ga Maris

Kamar yadda na zata, motar ta fara yawo a hanya. Sitiyari ya yi sakwaf, ba ya dawowa tsakiya da kansa bayan kwana, kowane layi a kwalta sai ta bi shi.

Kasta ce ta ragu. Gwiwar taya ba a miƙe take ba, samanta ya ɗan kwanta baya, kusan digiri 3 a wannan motar, kuma wannan kwanciyar ce ke sa taya son tafiya miƙe. Aksul ɗin gaba yana ɗaure ne da dogayen hannaye biyu da suka taso daga shasi. Da shasi ya yi sama, hannayen suka sunkuya, suka murɗa aksul ɗin gaba, kwanciyar ta tafi. Maganinsa a ƙaramin ɗagawa shi ne bushin da raminsa ba a tsakiya yake ba, a matsa shi cikin hannun a kusurwar da za ta mayar da aksul baya. Tsofaffin dama sun tsage, don haka aiki ɗaya ya biya biyu. Na kai hannayen wurin mai injin matsi bayan na zana alamar inda kowane rami zai kalla. Na zaɓi na roba. Masu taurin nan na polyurethane suna daɗewa a wasu wuraren, amma a nan aksul yana bukatar ya murɗa idan taya ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa rami, kuma abin da ya ƙi lanƙwasa yakan tura wahalar ga ƙarfen da ke riƙe da shi.

Abu na biyu ba a jin sa a sitiyari, shi ya sa ake mantawa. A baya akwai bawul da ke auna nauyin kaya ta hanyar 'yar sanda da ta haɗa shi da aksul. Mota ta zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ta ɗagu, ya ɗauka babu kaya, ya rage. Yanzu da na ɗaga ta, a wurinsa kullum fanko take. Na yanke ƙarfe na ɗaga maƙalin sandar da milimita 50 daidai, ya koma inda ya saba.

Sandar Panhard, wadda ke hana aksul zamewa hagu da dama, ta ja shi gefe da 'yan milimitoci, ban ga ya kai a canza ta ba. Sitiyari ya ɗan karkace, na daidaita shi daga sandar da ke zuwa akwatin sitiyari.

2 ga Afrilu

Tayoyi. Daga 265/75R16 zuwa 285/75R16. Lissafin: tsohuwar tsayinta wajen milimita 804, sabuwar 834. Bambanci 30, rabinsa ne ke ƙarƙashin aksul, wato 15. Duk wannan hidimar, milimita 15. Sai dai su ne na gaske, kuma babbar taya ta fi sauƙin hawa kan abu, ta fi shimfiɗuwa in an rage iska.

Kuɗin da ake biya a ƙarfi ne. Tayar ta fi girma da kusan kashi 3.7 cikin ɗari, don haka agogo zai riƙa nuna 100 alhali ana kusa da 104, kuma kowace giya ta ƙara tsawo haka. 1HZ doki kusan 130 gare shi, ba shi da rarar da zai yi kyauta da ita, na ji bambancin a giya ta biyar a kan hawa. Masu sa tayoyin inci 35 sai sun canza haƙoran aksul daga 4.1 zuwa 4.56 ko 4.88, kuma Birfield ɗin da na gama wankewa shi zai ɗauki ƙarin wahalar. A nan na tsaya.

Biyar na saya har da safaya, saboda taya mai tsayi daban a kan aksul ɗaya wahala ce ga haƙoran tsakiya. Na duba lambobi huɗun ƙarshe da ke gefen kowacce, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Na murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, babu inda take gogawa.

16 ga Afrilu

Ƙaramin aiki ne amma yana da alaƙa da na Fabrairu. Kowane aksul yana da ɗan bututun numfashi, domin mai in ya yi zafi iskar ciki tana kumbura, dole ta sami mafita. Na gaba da na cire a toshe yake da busasshiyar laka. Iskar da ta rasa hanya ta nan, ta sil za ta bi, ta tura man giya cikin gwiwa. Mai yiwuwa shi ya fara kashe tsohon sil ɗin, kuma da na bar shi da sabon ma ya bi sahu.

A ruwa abin juyawa yake yi. Aksul mai zafi ya shiga ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke nan take, ya zuƙo duk abin da ke bakin bututun ko bakin sil. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na ja sabon tiyo daga aksul biyu, giyabos da akwatin raba ƙarfi, duka zuwa can saman ɗakin injin, kowanne da 'yar matata a baki. Na bar wa na aksul rara yadda in taya ta sauka iya saukarta ba zai tsinke ba.

30 ga Afrilu

Bamba da winci sun hau, hancin motar ya sauko daidai da baya. Awon da na sake yi ya nuna ɗagawar ta tsaya kusa da abin da aka nufa a kusurwa huɗun.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce winci ya iya jan ninki ɗaya da rabi na nauyin mota cike da kaya. Wannan in ta cika tana kusa da tan 3, don haka ana neman wajen kilo 4,500. Mai fam 9,500 bai kai ba, kilo 4,300 ne da kaɗan, sai na ɗauki mai fam 12,000. Wannan lambar kuma a layin farko na igiya take, wanda ke manne da gangar. Kowane layi da ya hau kan wani, ƙarfin yana raguwa. Shi ya sa ake warware igiya da yawa in ja ya yi tsanani, a bar aƙalla zagaye biyar a kan gangar.

Winci in ya ɗauki kaya sosai yana iya jan amfiya 400 ko fiye, altaneta ba ta kusa da ba da haka, daga batir yake sha. Wayoyi masu kauri, gajeru iya yiwuwa, an sa musu riga duk inda suka ratsa ƙarfe, da makunnin yankewa kusa da batir don kada wayar da ta kai bamba ta zauna da wuta kullum.

Na ɗaura maƙalan ja guda biyu a gaba, kai tsaye a kan shasi, da kusoshi masu ƙarfi. 'Yan zobban da ake ɗaure mota da su a kan tirela ba don fizga aka yi su ba. Ƙwallon jan tirela kuwa ya fi su haɗari: in ya karye igiya na miƙe, tafiya yake yi kamar harsashi, kuma ya kashe mutane.

14 ga Mayu

Gwajin farko a wajen kwalta: tsakuwa, rairayi, da wani hawa mai duwatsu. Sai da na sauka daga kwalta na kulle gaba, domin wannan motar ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, in huɗun na ja a busasshiyar kwalta farfela da haƙora ne ke murɗewa. A rairayi na rage iska zuwa 18 psi, ta daina tona ta hau sama. A duwatsu ƙaramar giya, wadda ke ninka ƙarfi kusan sau biyu da rabi, ta sa na hau ba tare da taɓa kuloci ba.

Da na tsaya na dafa cibiyar kowace taya, ɗumi ne kawai, kuma daidai da juna. Bayan tayoyin gaba a bushe. Fentin notunan ƙasa bai motsa ba. Na bi duk kusoshin sifirin, hannaye da bamba da sufanan awo, biyu a bamba suka ɗan ƙara ɗauruwa.

Abubuwa uku suka fito. Akwatin sitiyari yana tsattsafo mai ta ƙasa, babbar taya ta ƙara masa aiki. A wurin da tayar gaba ɗaya da ta baya ɗaya suka rataya a iska motar ta tsaya cik, tayoyin biyu na juyawa a banza, wanda ke nufin maganar makullin aksul na baya, wanda ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare, za ta taso. Sannan allurar zafi ta ɗan haura a dogon hawa, ina zargin kulocin fanka ya yi rauni. Fankar zan fara dubawa, sai boris na baya da tazarar bawul, waɗanda har yanzu ban buɗe ba. Makullin aksul zai jira sai akwatin sitiyari ya daina zuba.